Kwana Huɗu Babu Saƙo a Shagon Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya ciwon kan nan naki? Mu duk lafiya lau, Umma tana gaishe ki.

Yaya, a takarda na rubuta wannan, zan ɗauki hotonsa in turo miki, domin bakina ba zai iya faɗa a waya ba. Da za ki tafi kin bar mini lambar sirrin shafin intanet na shagon Baba, kika ce hotunan sababbin kujeru kawai zan riƙa sakawa. Na wuce gona da iri.

Wani mai saye ne ya yi wa Baba tsiya, wai kafin shafinmu ya buɗe an gama fere ƙafar tebur. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na karanta cewa DNS kamar littafin adireshi ne, shi ke nuna wa waya inda shafi yake, kuma wai idan aka mayar da shi hannun wani kamfani daban, shafi yana ƙara sauri. Ranar Litinin na mayar da namu. Na auna saurin buɗewar shafin da agogon waya sau biyar. Da daƙiƙa tara ne, yanzu ma tara, sau ɗaya takwas da ɗoriya.

Ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Tun ranar, imel ko ɗaya bai shigo ba, ga Baba yana jiran amsar shugabar wata makarantar firamare kan bencina sittin, ta ce a rubuce za ta amsa. Kullum na dawo sai ya kashe injin yanka, ya karkaɗe garin katako daga hannunsa, ya ce, "Auta, duba mana." In duba, in ce babu. Jiya har cewa ya yi ƙila aikinsa ne bai yi mata ba.

Don Allah me na ɓata? Kada ki gaya wa Umma tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, na gode da amsarki, har da faɗan. Gaskiyarki, layin da ke nuna inda imel zai sauka ne ban kwafa zuwa sabon kamfanin ba. Na saka shi yadda kika rubuta, harafi bayan harafi. Da yamma saƙonni suka soma shigowa, amma babu na shugabar.

Na gaya wa Baba. Yana goge bayan kujera, bai ɗago ba har na gama. Sai ya ce in sa takalmina, bakin da ya san abin shi zai yi bayani.

Kin san ni da magana gaban manya. A ofishin shugabar, kalmar DNS ma sau uku na faɗe ta kafin ta fito daidai. Ta ce tun Talata ta turo amsa, saƙon ya dawo mata, ta ɗauka mun rufe shago, ta ba wani kafinta bencinan. Teburan malamai shida ne suka rage, su ta ba Baba.

Sittin, Yaya. Ni na jawo.

A hanya na gwammace ya yi mini faɗa, amma bai yi ba. Sai a ƙofar shago ya tambaye ni ko yanzu shafin ya yi saurin. Na ce a'a, kin ce nauyin hotunan ne, rage musu nauyi za a yi. Ya ce to in rage, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma yana zaune kusa da ni.

Mun yi uku yau. Kowane hoto sai ya sa na buɗe masa sau biyu, ya tabbata ƙafafun kujerarsa huɗu ne har yanzu.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Taki,
Auta