Ƙayar da na sa a rijiyar hanya

Talata, 10 ga Rajab 1309
Ruwan rijiyar bakin hanya ya ja baya, mata na kwasar laka. Ni ne mai gari, don haka na sa Hamani sankira ya yi shela a kasuwa: raƙumin ayari ba zai ƙara sha ba sai damina. Aka kewaye rijiya da ƙaya. An yi mini kirari, kuma ya yi mini daɗi.

Alhamis, 12 ga Rajab
Yaya Zara'u ce kaɗai ta taɓe baki. "Na Allah, yaushe rijiyag ga ta zama taka? Baba ma bai taɓa ta ba." Na ce mata zamanin Baba ya wuce.

Lahadi, 15 ga Rajab
Ayarin Amani ya iso, madugun Abzinawan da ke kawo mana gishiri mu ba shi hatsi. Tun ina yaro yake sauka gidanmu. Ya ce yana cikin amanar Sarkin Tasawa. Na ce, cikin mutane, Tasawa da nisa. Ya kaɗa raƙumansa suka yi wajen Kanan-Bakashe da ƙishi.

Asabar, 21 ga Rajab
An ce taguwarsa, wata raƙuma mai ciki, ta faɗi a hanya, ba ta tashi ba.

Litinin, 23 ga Rajab
Jaji, jakadan fada, ya zo. Ko tabarma ya ƙi hawa. "Gona, gado da rikicin maƙwabta naka na. Hanya, rijiyar hanya da baƙon sarki, ba kai ad da su ba. Dokarka ba ta kai can." Bakin da ya ɗaura shi zai kwance, in ji fada.

Talata, 24 ga Rajab
Ranar kasuwa. Ba a bar Hamani ya ɗauke mini ba, ni na tsaya na faɗa da bakina cewa na janye dokar. Sannan na janye ƙayar da hannuna, waɗanda suka yi mini kirari suna kallon ƙasa. Kunya kamar in nutse. Har yanzu da tsini a tafina.

Laraba, 9 ga Sha'aban
Ayari biyu sun wuce ta Korgom, sun kauce mana. Gishiri ya ƙare a gari, azumi ga shi tafe. Yaya ta aiko mini miya lami, ba saƙo. Na shanye. Wa zan kai wa ƙara?

Alhamis, 17 ga Sha'aban
Ruwan dai da gaske ya yi ƙasa, a nan ban yi ƙarya ba. Da na aika fada tun farko... Mun shiga yasar rijiya, wannan kam Jaji ya ce aikina ne.

Asabar, 26 ga Sha'aban
Amani ya biyo da hantsi. Na iske kaina a bakin rijiya da guga, ban san me ya kai ni ba. Na cika kwami, raƙuma suka sha. Bai gaishe ni ba, bai sauka gidanmu ba. Da za su tashi ya ajiye kantun gishiri a bakin rijiya, inda ya saba ajiye na Baba.

Ɗana Mumuni ya ce in sa a kai mini gida. Na ce a bari tukuna, a fara tambayar Jaji ko na wane ne.