Bilkisu Za Ta Tafi Bakin Teku

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya. Ya Anti Rabi da yara? Ya zafin Maiduguri? Mu nan Keffi lafiya lau.

Autarmu Bilkisu ta samu tallafin aikin ceto wani irin tsuntsu da ke neman ƙarewa a dausayin bakin teku, wajen Legas. Tare muka nema, ni aka bari. Jiya Baba ya tara maƙwabta yana cewa, "'Yata ce za ta raya tsuntsayen teku!" Na rungume ta ina murmushi, amma wallahi murmushin bai kai zuci ba. Ni fa na koya mata sunayen tsuntsaye a rafin Agwada.

Ka roƙa min Allah ya wanke min zuciya, don ni zan raka ta tasha. Gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza