Rarar Faranti

Ranar Asabar

Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan? Ina fata kana shafa man da na saka maka a jaka, ba ajiye shi ka yi kana kallo ba.

Na san muna waya, amma a waya labarin injinanku kake ba ni har mu yi sallama, shi ya sa na ɗauki biro.

'Yarka ta canja suna, yanzu Darakta ake ce mata. Makarantarsu ta sa gasar gajerun finafinai da za a ɗauka da waya, kowanne minti goma. Ita da ƙawayenta suka zaɓi na ban tsoro, irin waɗanda suke kallo suna leƙe ta bayan matashin kujera. Labarin wasu 'yan mata ne da suka shiga tsohon ɗakin ajiya na makaranta neman ƙwallo, ashe akwai wata aba a ciki. Ni na ɗinka wa abar riga da tsohon labulen falo. Aminiyarta, 'yar mai kemis, ita ta saka, don ta fi su tsayi. Jini kuwa jan rinina suka kwashe daga shago. Idan ka dawo ka tarar da bahon wanki ya koma ruwan hoda, kada ka tambaya.

Ban taɓa faɗa maka ba don kada hankalinka ya tashi: tun tafiyarka yarinyar nan ta zama kamar na ɗinke mata baki. Daga makaranta sai ɗaki. Yanzu kuwa har shago take biyo ni, ta zauna kusa da keke tana yi mini bayanin yadda ake tsorata mutum. Ba na gane rabi, amma ba na so ta yi shiru.

Ka kula mana da kanka.

Matarka,
Maman Darakta

Ranar Laraba

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi. Mu ma lafiya, sai dai an sha kuka an kuma sha dariya.

Ranar Lahadi da la'asar aka yi kallon gwaji a falo. Na kira yayarka, wato Gwaggon Darakta, da maƙwabta biyu. Gaskiya yaran sun yi ƙoƙari. Ni da na ɗinka rigar da hannuna, da ta fito daga bayan tulin kujeru sai da na ɗage ƙafafuna daga ƙasa. Gwaggo ta riƙe mini hannu har da shatin farce. Can a minti na tara abar ta ritsa jarumar a lungu, sai ga jarumar ta farka a kan gado. Wai duk mafarki ne.

Ka san Gwaggo ba ta tauna magana. Ta ce, "Wato duk wannan riƙe numfashin da na yi a kan mafarki ne? Kun dafa miya mai daɗi, kun sheƙa mata ruwa." Kowa ya fashe da dariya, ban da 'yarka. Bayan baƙi sun tafi ta ɗora wa aminiyarta laifi, don ita ta kawo shawarar mafarkin. Aminiyar ta ninke rigar labule ta ajiye, ta fita ba sallama. Darakta ta ce ta fasa gasar, ta rufe ɗaki kamar da. Ga shi Juma'a za a miƙa.

Na bi ta da lallashi. Na ce mata ko a ɗinki, riga komai kyanta, idan bakinta ya karkace shi ake tafiya da shi a ido. Gyara ake yi, ba a yar da riga. Ta ce ita ba tela ba ce.

Jiya da rana ina zuba abinci, ta fito ta tsaya tana kallon tebur. Ta ce, "Mama, mu biyu ne, wa kika fito wa da na ukun?" Na duba, ashe farantinka na ajiye. Ba ranar na fara ba, sai dai kullum ina mayar da shi kafin ta gani. Kunya ta kama ni, hawaye ya taho. Ita kuwa idonta ya yi ƙyalli, ta ruga neman littafinta.

Ga sabon ƙarshen. Jarumar za ta tsira, ta dawo gida ita kaɗai da rana tsaka. Uwarta za ta ajiye mata faranti biyu, ta dubi bayan 'yar da fara'a ta ce, "Ke da baƙuwarki ku wanke hannu." Shi ke nan, sai allo ya yi baƙi. Uwar kuma wai ni ce.

Ka taya mu da addu'a.

Matarka,
Maman Darakta

Ranar Lahadi

Maigida,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Da fatan wannan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Darakta da ƙafarta ta je gidan mai kemis ta ba da haƙuri, don ba mai riƙe waya hannu bai yi rawa ba sai aminiyar tata. Sau goma sha bakwai muka ɗauki maganata guda ɗaya. Da na dubi bango na ce baƙuwa, sai dariya ta ƙwace mini. Daga ƙarshe 'yarka ta ce in ɗauka kai ne ka shigo. Wannan ɗaukar aka yi amfani da ita.

Jiya aka nuna a babban zauren makaranta. Da na faɗi maganata, allo ya yi baƙi. Wani uba da ke gabana ya waiwaya bayansa a hankali, muka haɗa ido, ya zabura. Sai tafi ya ɓarke. Na biyu suka zo, wani fim na dashen itatuwa ya yi na ɗaya, amma a bakin ƙofa zancen faranti kowa yake yi. Gwaggo ta ce ita ta gyara fim ɗin, sannan ta sa muka raka ta har ƙofar gidanta da rana kata.

Yanzu ga matsalar da na jawo. Na ce wa Darakta ta tura maka fim ɗin, ta ƙi. Ta ce sai ka dawo, ka zauna a kujerarka, ita kuma ta zauna gefe tana kallon fuskarka. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa maka ƙarshen ba, ba ta san na riga na rubuta maka shi tun Laraba ba. Saboda haka ka yaga waccan wasiƙar. Kana da mako biyar, ka riƙa gwadawa a madubi. Don Allah idan ka zo ka tsorata.

Ni ce matarka mai jiranka,
Maman Darakta