Muryar da Yahuza ya ara

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan takarda daga hannun jikanka Ila ɗan Mato ta fito, daga ƙauyenmu na kwarin Tarka a ƙasar Damargu, zuwa ga kakana Malam Barmo a Birnin Damagaram. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kiyaye maka idon karatu, ya bar maka sauran haƙoran nan huɗu ko biyar da kake taƙama da su. Ina gaida matata Yagana. Ka gaya mata riƙo na ba ka, ranar da na mallaki raƙumi zan zo in ɗauke abata, kai kuma ka zauna da littattafanka su dama maka fura.

Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi mana kirki, sai dai tsuntsaye sun taɓa gonar yamma. Mun cika rumbu biyu, na uku ya kai wuya. Ƙanwata Kulu ta haifi namiji cikin azumi, ana ce masa Ɗan Azumi, kunnuwansa irin naka ne, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. 'Yarka Rahamatu, wato Inna, ciwon ƙafarta ya yi sauƙi. Mun ji fatake na cewa Nasara sun kwashe manyansu daga Damagaram zuwa Yamai, muna fata hakan bai taɓa ku da komai ba. Inna ce ta sa in rubuto, ko da yake ba ni ta gaya wa ba, ka san ni ɗan fari ne, har yau ba ta kama sunana. Tana tankaɗe ta dubi ƙwarya ta ce wai da akwai mai hannu a gidan nan da ya rubuta wa Malam. Ƙwarya ba ta motsa ba, sai na ɗauko tawada.

Maganar ƙanena Yahuza ce. Ya yi sauka watan jiya a wurin Malam Idi, izu sittin cif, yana da shekara goma sha biyar. Tun bara aka yi da kai ta takarda cewa in ya sauke zai zo zaurenka ya shiga karatun littattafai, Inna har ta jeme masa buzu ta sa an ɗinka masa gafaka. Amma akwai abin da aka ɓoye maka. Rabonka da mu shekara huɗu, kuma da ka zo Yahuza gaisuwa kawai yake yi ya sulale, ka ce yaro mai kunya ne. Ba kunya ba ce, Kaka, in'ina gare shi. In yana rera karatu ba ka jin komai, muryarsa na tafiya sumul. In aka ce ya yi magana shi kaɗai, sai kalma ta maƙale masa a wuya, idonsa ya yi ja. A makarantar allo wannan bai dame shi ba, yara arba'in kowa na ihun nasa, murya ta ɓace cikin murya. Zaure kuwa kai ka fi ni sani: mutum ɗaya ke tsugunawa gaban malam, ya ja baƙi, a fassara masa, a tambaye shi, ga masu gemu zaune suna jiran a zo kansu, kunnensu duk a kansa.

Ranar walima ya riƙe allonsa mai zayyana ya yi karatu har tsofaffi suna share ido. Da ya gama, liman ya tambaye shi cikin jin daɗi, wai yanzu wurin wane malami za shi. Sunanka kawai zai faɗa. Ya kama farkon sunan ya kasa saki, ya sake kamawa, ya sake. Ni kuma ina can baya cikin samari, sai na yi kukan akuya. Ban yi tunani ba, bakina ne ya saba, shekara goma ina yi masa haka a gida. Wuri ya fashe da dariya har da masu rawani. Yahuza ya ajiye allon a hankali ya fita, ko naman sadakarsa bai ci ba.

Washegari Baba ya yanke magana. Ya ce shi ba zai aika wa surukinsa ɗan da zai tsaya a bakin kalma kamar jaki a bakin rafi ba, a riƙa nuna shi a Damagaram ana cewa ga ɗan Mato. Ya ce rani na zuwa, rijiyarmu gaba talatin ce, ana neman mai kora bijimin sa wurin jan ruwa, kuma guga ba ya yi wa mutum tambaya. Inna ta ɗauke gafakar ta sa ƙarƙashin gado. Yahuza ya juya fuskar allonsa ga bango, ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da ni. Kwana bakwai bai dube ni ba. Ni da aka kora daga makaranta ina izu ashirin saboda na ɗaure wa Malam Idi ƙadangare a bulala, ban taɓa jin kunyar wani abu ba sai wannan.

Ban iya ba da haƙuri ba, abin da na iya shi na yi. Bayan la'asar na same shi zaune a bayan rumbu. Na naɗa tsohon zanen Inna a ka, na manna auduga a haɓa da ƙaro, na shimfiɗa buzu na zauna irin zamanka, ƙafa ɗaya a miƙe. Na yi tari biyu, na ce to, to, ɗan nan, matso kusa, ina jan maganar sannu-sannu yadda kake yi, kamar mai fito da guga cike daga rijiya mai zurfi. Ranar farko ya jefe ni da hoge. Rana ta biyu ya juya baya, amma na ga kafaɗarsa na rawa. Rana ta uku ya taso ya fizge rawanin ya ɗora a kansa. Ya yi tarin, ya ƙanƙance ido, ya ce da muryarka sak, wai wannan ɗan banza ko kwaikwayon ma bai iya ba, Allah ya isa tsakaninsa da audugar da ya ɓata, ya tashi ya ba manya wuri. Kaka, tun daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya bai tsaya ba. Muka kalli juna. Na ce masa to Malam, farillan alwala nawa ne? Ya jero mini bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da tari a tsakani.

Daga ranar muka buɗe zaure a bayan rumbu. Ni malam, shi ɗalibi, dukanmu da murya ɗaya, Malam Barmo biyu a wuri guda, abin da ko Damagaram ba ta samu ba. Na aro ɗan littafin Malam Idi, Yahuza ya ja baƙi, ni in yi fassarar ƙarya, in jefa masa tambaya ba shiri. Na sa Kulu da 'ya'yan maƙwabta su zauna su zura masa ido su haɗe rai, don ya saba da kallo. Na koya masa yadda zai cire takalmi tun daga ƙofa, ya jira a kira shi, ya ce na'am a ƙarshen kowace fassara.

Muna cikin haka wata rana Baba ya dawo daga gona ta bayan gida. Bai gan mu ba, murya ya ji. Sai ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna can nesa, kai a ƙasa, ya shiga yi wa surukinsa barka da zuwa, yana tambayar hanya da mutanen gida, yana ba da haƙuri wai ba a aiko an gaya masa ba. Allah ya yafe mini, amsa masa na yi. Na ce hanya lafiya, sai dai ruwan Damargu kanwa ta yi masa yawa, kuma tsoho ya kwana biyu bai ga nama ba, in da ɗan rago a kusa ba laifi. Ya ce to, Malam, yanzu kuwa. Dariyar Kulu ce ta tona mu. Takalmi ɗaya ya same ni a ƙeya, ɗayan ya faɗa cikin rumbu, har yau ba a gan shi ba.

Da fushinsa ya sauka sai ya zauna ya kira Yahuza, ya yi masa tambaya. Ya amsa da tasa muryar, ya maƙale. Baba ya ce ya yi da ɗayar, ya yi, magana ta zubo. Baba ya ce ai wannan ya fi na farko muni: yaro ya je har zauren surukinsa ya kwaikwaye shi a gaban ɗalibansa, ina shi Mato zai sa fuskarsa? Inna tana bayan zana ta ce ubanta tsufa ya yi, ba wauta ba, a tambaye shi mana. Shi ne Baba ya ce a rubuta maka gaskiya duka, kada a rage komai, har da takalmin. In ka yarda, Yahuza zai biyo ayarin da zai sauka kudu bayan an gama ɗaurin dami. In ba ka yarda ba, rijiya.

To ga roƙona, kuma wannan karon ba wasa a ciki. Ka karɓe shi. In ka ji muryarka na fitowa daga bakin yaro, ba raini ba ne, sanda ce yake dogarawa. Ka gaya wa ɗalibanka tun kafin ya iso, don kada su yi dariya ko su ce a kore shi. Kwanakin farko ka ba shi karatu shi kaɗai, kafin zaure ya cika. Kuma in ya gwada da tasa muryar ya tsaya, kada ka ƙarasa masa. Na san halinka, mutum bai rufe baki ba ka riga ka ba shi amsa. Ka jira. Mun lura kwanan nan ya fara manta tarin, jan maganar ma na raguwa, wani lokaci sai ya yi nisa kafin ya gane da muryarsa yake tafiya. Kansa ya fi nawa sau goma, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Ni na taimaka wurin ɗaure masa harshe, kada a bar shi yana kora sa a bakin rijiya saboda bakina. Inna kuma na tambaya, ban da buzu da gafaka me zai riƙo, kuma a ɗakin wa zai riƙa kwana.

Dodo mai raƙuma ne zai kawo maka wannan, tare da cuku da ɗan gero na sabuwar kaka. Cukun na Yagana ne, kai ba ka da abin tauna shi. Zai kwana uku a zango ya juyo, ka ba shi amsa. Baba na gaishe ka da ladabi, daga tsugune. Inna na gaishe ku, ita da Kulu. A gaida kawu Jika da iyalinsa, da gwaggo Raishatu, da ɗaliban zaure baki ɗaya.

Yahuza na zaune kusa da ni. Na ce ko yana da saƙo, ya ce e, amma da bakinsa zai faɗa, ba da naka ba. Ya ɗauki lokacin da za a tatse akuya biyu. Tawada ta bushe a alƙalamina, ban ce uffan ba, ban dubi gefe ba. Saƙon shi ne, a ce wa Kaka yana son karatu, kuma in aka jira shi zai iso ƙarshen magana.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Jikanka,
Ila