Filin da Kaka Ya Daɓe

Laraba da dare, 20 ga Zulƙida, Fassi

Na dawo daga Kano. Jirgin su Inna ya tashi. Sati guda tana cewa ita ba za ta shiga abin da ba ya taka ƙasa ba, har na fara cire rai da hajjin nan.

Muna zaune a sansanin alhazai, muna jin rugugin jirage, can ta ce, "Hadiza, kin san babana ya yi aiki a filin jirgin nan?" Ban sani ba. Wai lokacin babban yaƙin Turawa aka ɗebi majiya ƙarfi daga ƙauyukanmu, aka kai su gyaran filin da jiragen soja ke sauka su sha mai su wuce gabas. Damina guda bai taɓa fartanya ba, yana ta dakon marmara a ka. Bayan ya dawo, ko shirwa ce ta gifta sai ya daɗe yana kallon sama. Har ya rasu bai shiga jirgi ba.

Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ƙasar da ya daɓe ba za ta ba ni kunya ba. Miƙo min jakata."

Yanzu ɗakinta tsit, tabarmarta a naɗe. Da na rufe ido sai in ga wani saurayi da kwando a ka, jar ƙasa har gira, jirgi na wucewa ta samansa, bai san 'yarsa ce a ciki ba.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya dawo min da ita.