Ranar da Aka Tambaye Ni ko Ni Ce Uwarka

Zuwa gare ka, ɗan fari,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu mai kai ta inda kake. Amma shekara talatin na yi ina koya wa ƴaƴan mutane rubutu a lakwal, kai ko layi ɗaya ban taɓa rubuta maka ba. Yau kwana arba'in, baƙi sun watse, na samu wuri na zauna.

Gida lafiya lau. Ƙanwarka Hadiza ta koma ɗakinta. Matarka tana takaba nan wurina, ta fara taɓa abinci. Ruwan kogi ya ja baya, an soma dashen shinkafa.

Akwai abin da nake so in faɗa maka. Ka san mu mutanen Damagaram, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi, har na wuce gona da iri. Da aka yaye ka kakarka ta ɗauke ka, ka dawo hannuna kana shekara bakwai, kana ce mini Madam kamar sauran ƴan aji. Har ka zama kapitan a soja ba ka daina ba, don tsokana. Ni kuwa "wancan" nake ce maka. In jirginku mai saukar ungulu ya bi ta saman unguwarmu Kirkissoye, matan unguwa su fito suna ɗaga hannu, ni sai in sunkuyar da kai in ci gaba da tsintar shinkafata. Ka taɓa hango ni daga can sama? Ka ɗauka ban damu ba ne?

Ran Talatar nan da hantsi, sojoji biyu suka yi sallama, hulunansu a hannu. Babban cikinsu ya ambaci sunanka cikakke, ya tambaya ko ni ce mahaifiyarka. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ga baƙi maza, na ji sunan, sai bakina ya yi abin da ya saba. Na kau da kai na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Bayin Allah suka ɗauka ɓatan gida suka yi, suka ba ni haƙuri, suka wuce gidan maƙwabciyarmu Hajiya Fati. Kukanta na jiyo ta katanga. Ita ta dawo da su, a bakinta na ji cewa jirginku ya faɗi wajen horo can bayan gari, kai da abokan aikinka biyu, babu wanda ya fita. An tambaye ni ko kai nawa ne, ban amsa ba. Wannan shi ke ci na.

Ranar da aka karrama ku, an zaunar da mu iyalai a rumfa cikin barikin. Akwati uku, kowanne lulluɓe da tuta. Aka kira sunayenku ɗaya bayan ɗaya, sojoji ba iyaka suna amsawa da murya guda. Da aka zo kan naka, har cikin ƙirjina na ji amsar. Sai ga jirage sun taso ƙasa-ƙasa a jere, sun bar gurbin ɗaya a tsakani. A ranar na ɗaga kai. Ashe haka abin yake? Ƙarfe mai nauyin kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya cak a kan iska, kuma ɗan da na haifa da cikina yana riƙe da irinsa da hannu biyu? Tsarki ya tabbata ga Allah. Baki buɗe na tsaya, lulluɓina ya zame ban sani ba.

Ran sadakar bakwai wasu mata suka zo daga Saga, can bakin kogi, da buhun shinkafa a amalanke. Babu wanda ya san su. Wata tsohuwa cikinsu, Hausarta rabi Zabarmanci, ta ce shekarar da kogi ya cinye gidajensu, kai ka tsayar da jirgi a saman rufin ɗakinta, aka zuro igiya aka ɗauke ta da mijinta makaho. Ta ce ka koma har sau shida kafin rana ta faɗi. Ba ka taɓa gaya mini ba. Ko kuwa ka so ka faɗa ne in ka bugo waya, na miƙa wa Hadiza wayar kamar kullum? Tsohuwar nan sunanka take ta ja a baki, har da shafa shi a fuska bayan addu'a. Da ta tambayi wace ce uwar, na miƙe tsaye. Bakin dai bai buɗe ba, hannu na ɗaga kamar ƴar aji.

Ko a kan sallaya "wancan" nake cewa, na san Allah ya san wanda nake nufi. To, ka yafe mini. Ban taɓa jin rugugin jirgi ba tare da na daina numfashi har ya wuce ba. Ina son ka tun kana cikin tsumma, kunya ce kawai, kuma ta ishe ni haka.

Haruna.

Ga shi na rubuta, kuma na faɗa da ƙarfi. Matarka ta fito da gudu tana duban ƙofa, ta ga ni kaɗai ce a tsakar gida.

Allah ya jiƙan ku ku ukun, ya haskaka makwancinku. Sai mun iso, Haruna, ɗana.

Ni ce uwarka,
Rabi