Na cire Baffana daga guruf ɗin 'yan albasa

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma ba na son in ƙara yanke hukunci cikin fushi.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan albasa a nan Illela. Marigayi mahaifina da abokansa suka kafa ta tun shekarun tamanin, lokacin da sai an hau keke an bi ƙauyuka kafin sanarwa ta isa. Yanzu muna da guruf a manhajar hirar nan da kowa ke da ita a waya, da mutanen Tozai, da na Amarawa, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka. Amma wallahi guruf ɗin ya zama tasha, wannan ya turo saƙon murya na minti goma, wancan tallar maganin basir, wasu su wuni suna zagin juna kan siyasa.

Watan jiya wani dattijonmu na Darna Sabon Gari ya rasu. Ɗansa ya sa sanarwa da hantsi, kafin azahar surutu ya binne ta. Mu uku kacal muka je jana'iza, mutumin da bai taɓa fashin jana'izar kowa ba.

A miting na kawo shawarar mu koma wata manhaja inda shugabanni kaɗai ke sa sanarwa, ta tsaya a sama kowa ya gani. Matasa suka yarda. Sai Baffana, ƙanen mahaifina, ya miƙe ya ce wayoyinsu ƙanana ne ba su ɗaukar sabuwar manhaja, dattawa da yawa ba su karatun boko, murya ce kaɗai hanyarsu, na tsallake kuma da ƙyar suke samun sabis. Na san akwai gaskiya a ciki. Amma da na fara bayani sai ya katse ni gaban jama'a, ya ce, "Mi kas sani? Ubanka da ƙahwa yat tara mutanen ga, kai da yatsa za ka watse su."

Washegari ya saki murya a guruf, wai ina son rufe bakin manya ne don in haye kujerar shugaba, wai ko mahaifina yana raye bai yarda da ni ba. Wannan ƙarya ce ta ƙona ni, ina gama saurare na cire shi daga guruf ɗin.

Kafin la'asar dattawa sun fice sun buɗe nasu guruf, na tsallake suka bi su. Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwata, ta ce sai na je na durƙusa wa Baffa. Shi kuma ɗan mamacin ya rantse in aka koma gidan jiya shi da matasa sun bar ƙungiya. Shugaba ya ba ni zuwa ranar kasuwa in kawo mafita ko in ajiye muƙamin.

Gaskiya har yanzu ko muryar Baffa ba na son ji. Jama'a, in maida shi in ba shi haƙuri alhali shi ya yi mini ƙazafi? In tsaya kan sabuwar manhaja ko da dattawa ba su dawo ba? Ko akwai tsarin da zai bar tsoho ya yi maganarsa, ba tare da an sake binne ɗayanmu ba mu sani ba?